Jar Waya da Baƙar Waya a Shagon Baba

Zuwa ga Balarabata, ruwan randa a tsakiyar bazara, yayyafin farko mai tada ƙamshin ƙasa, farin furen albasa a fadamar Lambara. Sallama irin ta mai ɗoki.

Na gano shi, Balaraba! Wallahi na gano shi! In kin ga layi ya karkace a wanga rubutu, murna ce.

Kin tuna ranar da na kawo miki filogin nan da ake kunnawa a kashe da salula, don ki huta da fitowa daga cikin gida duba ko kin bar keken ɗinki a kunne a shagon Baba? Sau tara kika danna, ina ƙirgawa, ɗan ƙwan keken yana kawowa yana ɗaukewa, kina dariya kina rufe baki da gefen mayafi. Wace gona ce ta taɓa faranta wa manomi rai kamar yadda wagga dariya ta yi mini? Sai ga shi kyautar tawa ce ta cuce ki. Kin kashe a salula, kin sa hannu za ki canja ƙwai, wuta ta fizge ki har kika faɗi kan tulin yadi. Da labari ya iske ni, abinci ya fita raina. Baba, mahaifinki, kuma ya aiko cewa wanda bai iya kashe wuta ta mutu ba, kada danginsa su tako masa ƙofa da goro.

Mako uku ina kan babur tsakanin Bodinga da Shagari. Na kawo sabon filogi, bai canja komi ba. Na kai filoginki shagona na gwada, lafiya lau yake kashewa. To mi ke nan? Ranar Talata da azahar na rufe ƙofar shagon Baba da taga, na tsuguna ina kallon ƙwan da aka ce a kashe yake. Sai na hango ɗan haske can cikinsa, kamar garwashin da toka ta lulluɓe. Ashe bai mutu ba, kwanto ya yi! Na cire fiyus, na kwance soket ɗin bango. Ya hasken idona, an juya wayoyin! Ja mai ɗauke da wuta tana gurbin baƙa, baƙa tana gurbin ja. Shi kuwa filogi gurbi ɗaya ya san ya yanke. Yana yanke marar wuta, keke ya tsaya, mai wutar tana nan tana jiran yatsanki.

Saura kaɗan in yi ihu. Sai na tuna wanda ya ja wayar shagon. Baba ne da hannunsa, shekarun baya, kuma babu wanda zai zauna a bencin shagon nan bai sha labarin ba. Yaya zan wanke kaina in zubar da girman mahaifinki gaban masu jiran ɗinki? In kuma na yi shiru, na rasa ki. Kai, zuciyata ta ga rana!

Na jira har mutum na ƙarshe ya karɓi rigarsa ya tahi. Na durƙusa na roƙi Baba ya duba mini ramin soket ɗin nan da idon manya, ko zai ga abin da ya ɓace mini. Ya daɗe yana kallo, Balaraba, har na ji ƙarar agogon bango. Sannan ya karɓi sukudireba daga hannuna ya mayar da kowace waya gurbinta. Muka sa fiyus, na kashe a salula, na dangwala tasta mai gwada wuta. Shiru! Ƙwan ya mutu murus! Ban taɓa ganin duhu mai kyau irin wannan ba. Baba ya ɗauki tef ɗin awo yana naɗewa, bai dube ni ba, ya ce kawuna Sama'ila ya zo ranar Juma'a in an sauko masallaci.

Juma'a, tauraruwata! Kwana biyu! Ina zan sa kaina kafin nan?

Roƙona biyu ne. Kada ki ƙara taɓa ƙwai ko waya sai kin zare filogi daga bango, ko salula ta rantse miki. Na biyu, wagga magana ta tsaya tsakaninmu, ko Inna kada ta ji. Tun jiya ake yaɗawa a Shagari cewa Baba Sodangi ya gyara abin da ya gagari mai gyaran wutar Bodinga. Bar su su faɗa, har in mutu ba zan musa ba. Su riƙe sunan, ni ke nake so.

Wanda ya yi mako uku yana neman abin da ya taɓa miki yatsa, kuma zai tsare hannun nan iyakar ransa,

Naki,
Attahiru