Kasonki a Cikin Lemun Bodija

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Muna nan unguwar Sabo, Baba da Yaya Sani suna lafiya. Maganar autarki Hauwa ce ta sa na ɗauki biro.

Tun da kika rasu ta daina lissafin ɗebewa. Tarawa tana yi, karatu ma tana taɓawa, amma da an ce ɗebe sai ta rufe littafi. Malamarsu ta ce in ba ta gyara ba, aji za ta maimaita.

Na rasa yadda zan yi, sai na tuna a kasuwa kika koya mini komai. A jikin buhun shinkafa na fara gane baƙaƙe, kina cewa, “Nemo mini harafin sunanki.” Albasa ma ba ta shiga kwando sai na ƙirga ta. In na lula cikin tunani ki ce, “Ke Zainabu, dawo duniya! Jarumin littafin naki ba zai zo ya ɗaukar miki doya ba.”

Ranar Asabar na tura littafin labarin da nake karantawa ƙarƙashin filo, na kama hannun Hauwa muka hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Bodija. Kin san ni da kunya, ko ciniki da ƙyar nake yi. Duk da haka na daure, na sa ta karanta rubutun gwangwanin madara, ta karanta.

Muka tsaya wajen Iya mai lemu, Bayarabiyar da kike saya a gurinta. Ta tambaye ni da Yarabanci ina kika shiga kwana biyu. Na sunkuyar da kai. Ta dube mu, ta gane, ta zuba mana lemu goma a faranti.

Don in kawar da zancen na ce Hauwa ta raba wa mutanen gida. Ta jera bibbiyu, kashi biyar. Sai ta tsaya tana kallon na ƙarshen. Can ta ce a hankali, “Mu biyar ne, an ɗebe Umma. Saura huɗu.”

Umma, shi ne ɗebewarta ta farko tun tafiyarki. Iya ta rufe fuska da bakin zaninta. Ni kuwa ashe ban taɓa yin wannan lissafin ba, ko a zuci.

Kasonki ta hana kowa taɓawa. A hijabinta ta ƙulle shi har Sabo, ta miƙa wa tsohuwar nan mai bara a ƙofar masallaci, ta ce a yi miki addu’a. Jiya da kanta ta buɗe littafin lissafi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya kai miki ladan lemu biyun nan.

Taki mai kewa,
Zainabu