Buhu Huɗu na Murafe

Litinin, 2 ga Yuni
Buhu huɗu na tarar a ƙarƙashin gada, cike da murafen robobin lemo. Na ɗora wa motar shara. Shekara goma sha tara ina share titin nan, ban taɓa barin ko tsinke ba.

Talata, 3 ga Yuni
Innalillahi! Ashe suna da mai su. Wani dogo mai tabarau, masu shaguna na ce masa Mai Zane. Wata uku yana tsinta yana wankewa, wai zai manna su a bangon gadar su zama hoton kogi. Hukuma ta ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai gama ba ta miƙa wa masu talla bangon. Ya ce, "Inna, ko kin ga buhunana?" Na ce ban gani ba. Bakina ne ya riga ni.

Laraba, 4 ga Yuni
To laifina ne? Shara aka ɗauke ni in kwashe. Amma na gan shi durƙushe a bakin kwata, yana zaro murfi ɗaya ɗaya, sai tausayi ya kama ni.

Asabar, 7 ga Yuni
Na ɗaura wani tsohon buhu a ƙugu. Abokiyar aikina ta ce, "Yaya, jari-bola kika koma da tsufanki?" Na ce na jikata ne. Da hantsi ita ma ta zubo min murafe daga cikin zaninta, tana harara.

Alhamis, 19 ga Yuni
Kullum da sassafe nake ajiye masa in wuce. Wankewar ce wahala, duk ƙwaryar ɗakina ta koma shanya. Rabin bango ya rufu. Daga kusa tarkace ne, daga tsallaken titi kuwa sai ka rantse ruwa ne ke tafiya.

Juma'a, 27 ga Yuni
Yau ya riga ni zuwa, ya kama ni da buhu a hannu. Na ce, "Ɗan nan, ni na kwashe maka na farko." Ya yi dariya. "Na sani, Inna. Duk titin nan wa ke shara haka in ba ke ba?" Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya miƙo min gam ya ce in manna. Na manna bakwai, biyu sun karkace, ya hana a gyara.

Litinin, 30 ga Yuni
Jiya ya gama, bango ya zama nasa. Da safe wani ya zo zai liƙa takardar talla daidai kan bakwai ɗina. Ban san sa'ad da na ɗaga masa tsintsiya ba. Na ce wa abokiyar aikina don kada takarda ta ƙara min shara ne. Ta ce, "Haka ne, Yaya," ba ta ko kalle ni ba.