Ɗinki Uku, Hutun Kwana Uku

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Karnukan Tsaro,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Daga:
Mai riƙon kare mai lamba 7,
Ƙofa ta Uku, Rumbun Ajiyar Kaya.

Alhamis, 16 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAUYE HUTUN JINYAR KARE MAI LAMBA 7 BAYAN TIYATAR ƊINKE TUMBI

Bayan gaisuwa da girmamawa kamar yadda ya dace da matsayinka, ina roƙon a ba ni dama in gabatar da kokena. Shekarata goma sha tara a wannan sashe ban taɓa rubuta ƙorafi ba, ba don komai yana tafiya daidai ba, sai don ni da biro ba ma shiri. Yau na ɗauka ne saboda Gagarau, kare mai lamba 7, wanda muke gadin ƙofa ɗaya da shi shekara biyar ke nan.

1. Ranar Litinin, 13 ga wata, bisa umarnin wannan ofishi, na kai shi asibitin dabbobi. Yallaɓai ya fi ni sanin dalili: manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan cika da iska ya murɗe kamar wankin da ake matsewa, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Haka ta faru da ɗan'uwansa, mai lamba 4, bara, jim kaɗan bayan abincin rana. Ni na riƙe kansa a bayan mota. Ba mu isa asibiti ba.

2. Likita ba ta farke cikin ba, irin na da. Huda uku ta yi, kowace ba ta kai faɗin farcen babban yatsana ba. Ta hura iska ciki ya tashi, ta zura 'yar kyamara ta huda ɗaya, ta zura dogayen ƙarafa sirara ta sauran biyun, tana kallon allo tana ɗinke tumbin da bangon ciki ta ɓangaren dama, don kada ya sami damar juyawa. An bar ni in kalla ta bayan gilashi. Na kalli rabin farko a tsaye. Sauran rabin, an ce a zaune nake a ƙasa ana yi mini fifita da fayil. Takardar da likita ta ba ni ta ce hutun kwana goma sha huɗu, ba gudu ba tsalle, har sai nama ya kama nama, domin kafin nan zare ne kawai yake riƙe da tumbin.

3. Ranar Talata, 14 ga wata, da ƙarfe goma na safe, na miƙa takardar ga magatakardan sashe. Ya sanar da ni cikin ladabi cewa Fom na 9, na neman hutun jinyar kare, ba shi da gurbin ra'ayin likita. Abin da ya tanada shi ne hutun kwana ɗaya kan kowane ɗinkin da ido ya gani. Ya fito da kansa, ya gyara tabarau, ya durƙusa da rula a hannu, ya ƙirga har sau biyu. Uku ya samu. Ya rubuta kwana uku, ya buga hatimi. Gagarau kuwa, da ba a sa shi ba, ya lashe masa kunne.

4. Na nuna masa bidiyon aikin da likita ta tura mini a waya. Ya kalla har ƙarshe, ya yaba, sannan ya lura cewa babu lambar sashe a jikin tumbin, don haka zai iya zama na akuya. Ya kuma ba ni shawara ta 'yan'uwantaka cewa nan gaba in roƙi likita ta yi yanka na sosai, wanda ofis zai iya aunawa. Ba ƙararsa nake kawowa ba, Yallaɓai. Mutumin kirki ne, tare muka soma furfura. Fom ɗin ne aka tsara tun zamanin da raunin kare ba ya wuce yankan wayar shinge ko saran ɓarawo, lokacin da duk abin da ya sami dabba a waje yake.

5. Dole in faɗi gaskiya cewa majinyacin ba ya taimaka mini. Tun jiya yake cin abinci kamar wanda ya dawo daga tafiya, yana jan igiya, yana kaɗa wutsiya. Robar nan mai kama da mazurari da aka sa masa a wuya don kada ya lashi ɗinki ta riga ta kifar da butar shayin masu gadi sau biyu, ta kuma saɓule mini ƙwauri. Mai horar da karnukan sashe ya gan mu jiya, ya ce a cikinmu biyu ni na fi kama da wanda aka yi wa aiki. Uwar 'ya'yana ma ta goyi bayansa.

6. A lissafin fom, yau hutunsa ya ƙare. Sunansa ya riga ya fito a jerin masu gwajin tsallake katanga na ranar Litinin, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe. Doka ta ce duk karen da ya ƙi halarta ba tare da hutu ba, za a cire shi daga aiki a fitar da shi daga sashe. In kuma ya yi tsallen, zaren na iya tsinkewa a can ciki, inda rula ba ta kaiwa. Shi bai san haka ba. In na nuna masa katanga zai tsallake, domin bai taɓa ƙin maganata ba ko sau ɗaya.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) ya amince da kwana goma sha huɗun da likita ta rubuta, har zuwa Litinin, 27 ga wata;

(b) ya sa a ɗage gwajin mai lamba 7 har likita ta sake duba shi;

(c) ya sa a ƙara layi ɗaya a Fom na 9 saboda ɗinkin da ke ciki, domin akwai karnuka shida a layin wannan aiki.

In kuwa doka ta kafe sai ido ya ga ɗinki, ina sanar da ofis cewa a shekarar 2011 an yi mini aikin ƙaba irin na da, ɗinki goma sha ɗaya, na dawo bakin aiki ban ci hutun ko guda ba. Tabon yana nan, ana iya ƙirgawa. A haɗa da ukunsa, lissafi ya cika. A shirye nake in ɗaga riga a gaban magatakarda a duk lokacin da ya ga dama.

Ko wace amsa ta fito, ranar Litinin za mu hallara a filin gwaji a kan lokaci, ni da shi. Sai dai ina neman afuwa tun yanzu, Yallaɓai: ba zan saki igiyar ba.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai riƙon kare mai lamba 7,
Ƙofa ta Uku.