Takardar Inna da Na Yaga

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? A gaishe da Maijidda da yara.

Ni lafiya lau nan Fatakwal. Zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, amma na koma rumfar albasa. Ƙungiyarmu tana da katin inshorar lafiya, da shi anka duba ni a asibiti.

Yaya, irin katin nan ne munka hana a Jiga Birni. Na miƙe a taron jam'iyya na ce caca ce mutum ya biya kuɗin ciwon da bai same shi ba. Allah ya sani ba wannan ya dame ni ba. Ɓangaren Abdulmajid sunka kawo shi, muna rigima da su kan shugabancin mazaɓa. Har takardar rajistar Inna na yaga, bayan ta dangwala yatsa.

Yanzu na ji ƙafarta ta kumbura, tana gida tana shafa man zafi.

Don Allah ka karɓo mata wata takardar wurin Abdulmajid. Ce mishi ni na aiko ka. Kada dai Inna ta ji da me anka yi mini magani.

Ƙaninka,
Shamsuddeen