Ranar da Idon Hauwa Ya Yi Fari

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa da ban girma, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, maganar jikarki Hauwa ce, wadda kika bari a goye. Yanzu tana aji biyu, kuma idonta ya hana mu sakat. Da zarar zafi ya shigo sai ya kaɗa ya yi jajir, ta yi ta susa har fatar ta kumbura, ko hasken ƙofa ba ta iya kallo.

Kin tuna 'yar kwalbar gatra, maganin ɗigawa a ido, da ke yawo gida-gida a unguwarmu kamar rariya? Tana nan. In ta ƙare a sayo wata a kasuwar Suki, ba mai tambayar kowa. A ɗiga yau, gobe ido ya wayi gari fari tas. Ke da kanki kike cewa, "Gatrag ga ta hi diktor," wato ta fi likita. Da ita muke lallaɓa Hauwa tun ba ta shiga makaranta ba.

Malamarsu ce ta matsa, wai yarinya ba ta ganin allo, muka kai ta garin Sinnar wajen likitan idon yara. Ban yarda da shi ba. Ya ɗora haɓarta a kan wata na'ura, ya haska, sannan ya tambayi abin da muke ɗiga mata. Na ce a raina, ga shi nan, zai kushe namu ya tura mu kantin ɗan'uwansa.

Ya ce gatrar tana kwantar da ja, amma tana sa ruwa ya taru a cikin ido ya danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Sai ya rufe mata idon dama, ya sa na tsaya daga gefe na ɗaga hannu. Inna, na ɗaga, na kaɗa. 'Yata ba ta gan ni ba.

Ya ba mu wani magani mai jinkirin aiki, ya ce jan zai daɗe, mu daure, kada tsohuwar gatra ta sake taɓa idon.

To, ga abin da ke cin raina. Duk ranar da na tafi gona tsinkar auduga na bar ta wajen ƙanwarki, Inna Ƙarama, washegari sai idon ya yi fari. Kowa na hamdala, ni kuwa na shiga neman kwalbar gatra. Na ɗaga katifa, na leƙa bayan randa, har bakin zanen Inna Ƙarama na lalube da sunan zan wanke mata. Na tambayi Hauwa, ta sunkuyar da kai tana murza yatsu. Yarinyar da magana ba ta kwana a cikinta! Wa ya koya mata yin shiru?

Ban kama kowa da kwalba ba. Amma na ji Inna Ƙarama ta katanga tana ce wa maƙwabta, "Ɗiya na kuka, uwa na biye ma diktor." Matar da ta tsaya mini tsayuwar uwa bayan rasuwarki. Wallahi na san son Hauwa ne, ba mugunta ba, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Yanzu ƙafata ƙafar Hauwa. A gona ta zauna a inuwa da jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Idon ya koma ja, kuma ban taɓa murnar jan ido ba sai bana. Inna Ƙarama ta daina amsa gaisuwata.

Ina kewarki, Innata. Kullum ina cewa da kina nan da kin raba mu. Sai dai na san tausayinki, ba za ki iya jin kukan nan ki kame hannu ba. Da kina raye, ke ma ba zan bar miki ita ba. Ki yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya huce zuciyar ƙanwarki, Ya bar wa Hauwa ganin da ya rage mata.

'Yarki mai tuna ki kullum,
Zulai