Wuyan Saratu

Tsafe, daren Alhamis, bazarar 1951

Ko ciyawa ba ta fito a kan kabarin ɗana Bulus ba, sai ga ƙanwarsa Saratu yau da la'asar ta dawo daga rijiya tana cewa, "Baba, wuyana na ciwo." Na ce ta sunkuyar da kai haɓarta ta taɓa ƙirji. Ta kasa. Haka sanƙarau ya fara wa Bulus.

Uwarta ko kuka ba ta yi ba, ta dai zauna a ƙasa ta rungume ɗiyar.

Maƙwabcinmu Malam Ummaru ya leƙo ya ce, "Dauda, da asuba motar gyaɗa za ta tashi Gusau, na yi ma direba magana. Ka kai ta asibiti. Allah shi ba ta lafiya." Na yi masa godiya.

Ran Lahadi ni ne na tsaya gaban 'yan'uwa a majami'a lokacin sujada na ce Ubangiji bai yashe mu ba. Ɗazu kuwa na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai Saratu, jikinta kamar wuta, ta kama yatsana ta ce, "Baba, ka gaya ma Yesu tsoro nake ji."

Na gaya masa. Na ce ni ma haka.

Ya Yesu, tana hannunka, ko yaya ta kasance ba zan sake ka ba. Amma don girmanka, ka bar mana ita.