Akun Gidanmu Ta Samu Aiki

Salala, Oman

Yamma, mahaifiyata,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa. Yaya gwiwar Baba? Ƙanena Ragab yana zuwa makaranta, ko har yanzu kamun kifi ne?

Ina lafiya, har na yi ƙiba. Ɗakina ne dai shiru ya yi masa yawa, amma ana sabawa.

Kin tuna yadda kike bi na da silifa in na maimaita maganar manya, kina cewa, "Aku na haifa?" To, akun nan yanzu albashi take ci! A ɗakin tiyata, duk maganin da likitar sa barci, Dakta Shamsa, ta nema, sai na maimaita sunansa da yawansa da ƙarfi. Sai ta ce "Haka ne" kafin in miƙa, don kuskuren ji yana iya kashe mutum.

Ranar farko kunya ta hana ni, na miƙa shiru. Ta ƙi karɓa, ta ce, "Nagat, yaron nan da ke kwance ba zai iya tambaya ba. Bakinki ne nasa." Tun daga nan har mai shara yana jin muryata.

Ki aiko mini busasshen lalo, na nan ba ya yauƙi. Allah ya ƙara muku lafiya.

A tashar garinmu Isna, ranar da na taho, kin ce, "Ki dawo mini lafiya." Kullum da safe ina maimaitawa da ƙarfi, Yamma. Saura ki ce haka ne.

'Yarki,
Nagat